Allura Goma Sha Shida

Duk wanda ya taɓa cin sakwara a bakin tashar Paraku ta ƙasar Benin ya san Bona, ko bai san sunanta ba ya san ƙarar taɓaryarta. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take daka doya a rumfar gwaggonta, da gwaggon ta rasu rumfar ta dawo hannunta. Sakwara ce da miyar gyaɗa, da soyayyen cukun da ake kira wagashi a kai. Ba ta da yawan magana. Matan ƙabilarsu ta Bariba an rene su ne a kan cewa nuna ciwo abin kunya ne, kuma uwar Bona 'ya'ya bakwai ta haifa, ko nishinta maƙwabta ba su taɓa ji ba.

A wannan rumfa wani saurayi mai suna Sabi ya same ta. Ɗan makaranta ne, yana koyon aikin likitan dabbobi, ga shi da daɗin baki. Ya ci ya yaba miya, ya dawo ya yaba mai miyar. Saura wata biyar a ɗaura musu aure sai ciki ya ɓulla. Sabi ya ce iyayensa ba za su iya ɗaukar wannan abin kunya ba, ya kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan gari aka cire shi.

Bayan an gama, likitar ta zauna a gefen gado ta yi dogon bayani da Faransanci, tana kallon idon Bona. Ita kuwa Bona Faransancinta bai wuce gaisuwa da "a ƙara miya" ba. Sai ta juya wajen Sabi.

"Ta ce mahaifar ta ƙwarzane," in ji shi. "Sai an riƙa yi miki allura duk wata uku har ta warke. Ni zan riƙa yi miki a gida, ba sai kowa ya ji ba."

Jikinta dai bai ba ta wahala ba. Kwana goma jinin ya ɗauke, a mako na biyu ta koma kan turmi. Aka yi biki, ta tare, Sabi ya gama ƙaramin karatu ya shiga babba, rumfar ce ke riƙe da gidan. Duk wata uku yakan zo da 'yar allura ƙarama a leda, ya murza mata cinya ya soka, ta ce masa sannu da ƙoƙari. Ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba. A gwangwanin madara take tara su, don a ganinta kowace ɗaya mataki ne zuwa ga warkewa.

Al'ada ta yi ta yi mata wasa, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Ta yi ƙiba. Sau biyu tana murna a ɓoye, sau biyu ana aunawa babu komai. Uwar Sabi, Inna Yon, ta sa ta a gaba.

"Ke dai ci gaba da cin ribar rumfa. Kitse ya toshe hanya, ta ina jikana zai bi?"

Ta sha saiwoyi masu ɗaci, ta zauna a kan hayaƙi, an kai ta wajen masu magani har garin Nikki. Duk wannan gori a gaban Sabi ake yin sa, shi kuwa kansa na cikin kwano yana lasar yatsa. Bona ba ta ga laifinsa ba. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa Allah ya ba ta ta mayar, shi ya sa ya hana ta. Shekara huɗu tana neman gafara a kan wannan.

Akwai wata ungozoma, Madam Selestin, mutuniyar kudu, da ke cin abincin rana a rumfar kullum, tana kwaɓa Baribanci ana yi mata dariya. Ran nan Bona ta ga babu kowa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kwance bakin zane ta fito da allurar da aka yi mata da safe.

"Madam, don Allah, guda nawa ake yi kafin mahaifa ta warke?"

Madam Selestin ta karɓa ta juya ta, ta fashe da dariya. "Wace mahaifa kuma, Maman Sakwara? Wannan ai ta hutun haihuwa ce. Ashe ke ma kin gaji da hayaniyar yara!"

Da ta ga fuskar Bona sai dariyar ta tsaya. Ta ture kwano, ta saurari labarin tun daga farko. Ta ce in an yi irin wannan aiki da tsabta, mahaifa kan koma daidai cikin 'yan makonni, mace ma tana iya ɗaukar wani cikin kafin ta sake ganin al'ada. Ta ce ga dukkan alamu abin da likitar ta gaya mata ke nan.

Bona ta tashi ta ƙarasa dakan da ta fara, ta sallami masu jira, sannan ta rufe rumfa tun rana na tsaka. Ta iske Sabi a tsakar gida da littattafansa, ta gaya masa abin da ungozomar ta ce. Bai ma yi gardama ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Haba Bona, shekara ɗaya fa ta rage in karɓi takardar gama karatu. In kin haihu yanzu, wa zai riƙe rumfar? Ai na yi niyyar dainawa."

"Ko akuyar da kake yi wa allura, Sabi, sai mai ita ya yarda."

"To, ki rufa mini asiri. In Inna ta ji, ke ma ai naki zai fito."

Sai ta gane. Wato da kunyarta ya ɗaure ta, kuma yana ganin igiyar ba ta tsinke ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin, ta yafa mayafi ta fita, yana kiranta ba ta waiwaya ba.

Inna Yon na zaune a gindin mangwaro da ƙannenta mata biyu suna ɓarar gyaɗa. Bona ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mata.

"Yau kuma lafiya aka rufe kasuwa?" in ji tsohuwar. "Ko albishir aka kawo mana?"

Bona ta buɗe gwangwanin ta juye shi a kan tabarma, allurai goma sha shida suka watse cikin ɓawon gyaɗa. Karo na farko a rayuwarta hawaye ya zubo mata a gaban mutane, kuma ba ta share ba.

"Inna, ga jikokin da kike tambaya. Ɗanki ne ya ba ni ajiyarsu."