Gidajen da Muka Tsallake

Duk wanda ya ce Abuja daji ce kafin gwamnati ta taso daga Legas, na daina musu da shi. Na gaji. Ni dai a nan Abuja, a gindin wani dutse aka haife ni, kuma a kan dutsen akwai kufai, tsohon garin da kakanninmu suka zauna suna noma kafin a sauko ƙasa. In ka hau za ka ga zagayen duwatsu inda ɗakuna suka tsaya, da ramukan niƙa a jikin fa, da jerin duwatsun da suka tare ƙasa da su don kada ruwan sama ya wanke musu gona.

Kakata Dije, mahaifiyar babana, a can ta yi ƙuruciya. A can kuma aka binne uwarta, a bayan ɗaki, yadda ake yi a da. Duk shekara bayan girbi takan hau ita kaɗai ta share ciyawar kabarin, ta yi addu'a. Babana bai taɓa raka ta ba, don a ganinsa duk abin da ke kan dutsen nan kayan jahiliyya ne. Lokacin da na yi wayo, gwiwoyinta sun riga sun ƙi hawa.

A shekarun nan ne katafiloli suka fara cin dajin da ke gabas da mu, ana ta raɗe-raɗin za a tashe mu. Da magariba ƙararsu takan tsaya. In an ci tuwo sai Kaka ta tura guntun itace cikin murhu, ta miƙe ƙafafu tana matsa su, mu kuma mu zagaye ta, ni da ƙannena.

"Ga ta nan tana gangarowa daga kan dutse," haka take farawa.

Mu ce, "Ta sauko lafiya."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta bari mako ya wuce ba ta yi ba. Wai wata shekara aka yi ruwa kwana bakwai, wutar kowane gida a kan dutsen ta mutu. A zamanin babu ashana, wanda wutarsa ta mutu sai ya ɗauki tsingaro ya je maƙwabta ɗibar garwashi. Wata mai jego ta ɗauki nata tsingaron, ta fara daga gidan ƙasa tana hawa, tana sallama gida-gida, kowa ya nuna mata toka mai sanyi. Can ƙoli, a cikin kogo, ta tarar da kura tana jin ɗumi da garwashi na ƙarshe. Matar ta yi ta zuba mata kirari har kura ta tashi rawa, wutsiyarta ta kama wuta, ta gangaro ta tsakiyar gari tana ihu, kowane gida ya kunna karansa a jikinta. Shi ya sa har yau wutsiyar kura guntuwa ce.

Nan ne daɗin yake, don Kaka ta iya kukan kura har ƙanwata ta shige bayana. Matsalar ita ce kafin a kai ga kurar sai an bi gidaje sun fi ashirin, kuma Kaka ba ta ɗaga ko ɗaya.

"Ta shiga gidan Gambo maƙeri, mai tsamiya a ƙofa. Ta fito ta bi hannun dama, gidan Tanko mai zuma, ɗan Barau. Ta ratsa ta bayan rumbunsa..."

Ni ne sarkin ƙorafi. "Kaka, tsallake gidajen nan mana, kai mu wurin kura."

"Kai maigida, gaggawar me kake yi? Da tsalle ake hawa dutse? Sannu ba ta hana zuwa."

Akwai gida ɗaya can tsakiyar jerin da muryarta takan yi ƙasa in ta iso shi. Wata rana ta gan ni ina gyangyaɗi daidai wurin, ta ja kunnena.

"Buɗe ido. A gidan nan uwata take kwance. Ubanka ba zai je ba, ni ƙafa ta ƙi. In ba ku riƙe hanya ba, wa zai share mata?"

Na ce na riƙe, don ta sakar mini kunne.

Daga baya aka zo aka shafa wa gidajenmu lamba da jan fenti, aka loda mu a manyan motoci zuwa wani fili mai jerin ɗakunan kwano. Daga can ko kan dutsen ba a hangowa. Kaka ta rame, magana ta ragu. Ranar da ta sake hura mana wuta ta fara labarin mai jego, tana kai gida na huɗu na yi abin da na saba.

"Kaka, tsallake."

Ta dube ni. Sai ta ce, "To." Ta kai mu kogon kura kai tsaye. Muka yi murna, ni har ina jin na ci nasara. Daga ranar haka take yin labarin, gida huɗu sai kura, har Allah ya karɓi abinsa bayan damina biyu.

Na girma na zama direba. Shekara da shekaru ina lodi a tashar Utako, ina kai mutane garuruwansu, bayana ya ƙage, idona ya fara gajiya da titi. Ban taɓa hawa dutsen nan ba. Kullum ina cewa sai an samu sarari.

Bara ɗiyata Hadiza, wadda ke karatun tonon tsofaffin garuruwa a jami'a, ta same ni ina wanke mota.

"Baba, kufan nan naku muke aunawa. Masu fasa dutse sun cinye gefe ɗaya. Malaminmu ya ce in aka samu mai dangi ya nuna kabari, za a iya killace wurin. Ba ka ce a can aka binne uwar kakarka ba?"

Muka hau da safe, ina haki ina hutawa. Da muka isa, sai ga kututturen tsamiya, ga baƙin kashin ƙarfe a warwatse a ƙasa. Gidan Gambo maƙeri ne, kamar yadda ta faɗa. Na bi hannun dama, ga na Tanko. Na ratsa ta bayan duwatsun rumbu, na uku, na huɗu. Hadiza tana bina tana rubutawa, fuskarta fal murna. Sai hanya ta rabu uku a cikin ciyawa, kowace da zagayen duwatsu iri ɗaya.

Ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne dabara ta fi ƙarfi. A tsaye a wurin nan na gane. Tsohuwar ba ta iya rubutu ba, ƙafa ta ƙi, ɗanta ya juya baya. Abin da ya rage mata yara ne da wutar murhu, sai ta zuba hanyar gidan uwarta a cikin tatsuniya. Kura ladan zama ce kawai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Baba, daga nan fa? Ina ta bi?"

Na lalubi kaina, babu komai. Zan iya nuna kowane gida in ce shi ne, ba mai ƙaryata ni. Na kasa.

"Daga nan sai kura," na ce.

Ta fara dariya, sai ta ga fuskata, ta rufe littafin. Ƙasa da mu injin fasa dutse ya tashi. Na durƙusa a gidan da ya fi kusa, ko na wane ne oho, na fara tuge ciyawa da hannu.