Daga Dilimi Zuwa Lafiya Saboda Mudu Biyu na Wake

Talata: Jos

Na bar gidana a Dilimi da ƙarfe biyar da kwata na asuba, bayan na koma sau biyu na duba ko na kulle shagon ɗinkina. Na kulle. Komawa ta uku kuwa don in tabbatar ban buɗe shi ba ne garin dubawa.

Ga dalilin tafiyar. Maiɗakina Hajara tana da cikin fari, kwana tara duk abin da ta sa a baki sai ya dawo, har awarwaronta ya soma zamewa daga hannu. Abu ɗaya ne ya zauna mata: wani dafaffen wake mai romo da maƙwabciyarmu Maman Ngozi ta aiko a kwano. Su suna ce masa fiyofiyo, mu kuma waken Masar. Hajara ta ce in roƙo mata ƙari. Na ce ba za a ce matar Sabo tela tana bin tukunyar maƙwabta ba, ni zan sayo. Na zaga kasuwa ban samu ba. Ni kuma ban iya tsayawa da matar wani ba, ko gaisuwa ce kaina a ƙasa nake amsawa, don haka mijinta na tambaya, Oga Sunday mai kayan keke.

Ya ce, "Oga tela, matana ne yana dafa, ni ci kawai. Amma ka je Lafiya, akwai shi buhu-buhu."

Rabin maganar na ƙarshe na ɗauka, na bar na farkon.

A tasha na sami fijo, naira huɗu zuwa Lafiya. Na zagaya ta na danna tayoyin huɗu da babban yatsa. Muka tashi shida da rabi.

Hawan Kibo

Mun wuce Bukuru bakwai saura. Gaba kaɗan 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya ɗaga buhuna.

"Na wane ne wannan? Ba komai a ciki?"

Na soma yi masa bayani tun daga ranar da Hajara ta fara amai. Ban kai kwana na huɗu ba ya ce wa direba, "Don Allah ku tafi."

Da muka kama gangaren Hawan Kibo na leƙa ramin da ke gefe, na tuna ban gaya wa kowa inda na ajiye rigar angon da aka ba ni ɗinki ba. Na tambayi direba yaushe rabon da a duba birki. Na sake tambaya a kwana ta gaba.

Ya ce, "Malam, ko za ka dawo nan ka karɓi sitiyari, ni in koma baya in yi salatin?"

Wani malamin asibiti da ke kusa da ni ya ji abin da zan je nema, ya ce ya taɓa aiki da wani likita daga Kudancin Amurka. Wai can abincin ranar aiki ne, a dawo a gajiye a dafa shi nan da nan a ci da shinkafa. Na ji daɗin wannan magana har Akwanga, mil casa'in daga Jos in ji direba. Nan na sayi gasasshiyar doya ta kwabo ashirin, ban ci ba, don na tuna da wadda na baro a kwance.

Lafiya

Mil talatin da biyar kuma, muka shiga Lafiya sha biyu da minti goma. Zafi kamar a bakin dutsen guga. A kasuwa aka nuna mini wata tsohuwa mai hatsi, ga waken a kwarya, busasshe, mulmulalle, mai tauri kamar maɓallin riga. Na ɗauki ƙwaya-ƙwaya ina duba hudar ƙwaro.

Ta ce, "Ɗan nan, saya za ka yi ko aurensa?"

Na ce, "Gwaggo, mai ciki ce za ta ci."

Sai ta sassauta. Ta auna mini mudu biyu, kwabo sittin-sittin, ta ce a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa da 'yar kanwa awa huɗu, sannan a soya albasa da attaruhu da tumatir a manja, a sa daddawa, a juye. Na rubuta a littafin awon kaya, ƙarƙashin wuyan wani Alhaji.

Na ce, "Awa huɗu, Gwaggo? An ce mini nan da nan ne."

"Wanda ya gaya maka ya zo ya dafa."

Kafin in gama maimaita mata abin da na rubuta sau biyu, motar Jos ta ƙarshe ta cika ta tashi. Wani tela a bakin tasha ya ga zaren awo a wuyana ya ba ni tabarma a zaurensa. Allah ya saka masa. Na yi matashi da buhun don kada ɓera ya riga Hajara.

Laraba: komowa

Mun bar Lafiya ƙarfe bakwai. Taya ta fashe bayan Akwanga, wadda kuwa na danna da yatsana kafin mu tashi. Ina zaune a bakin titi na yi lissafi: in na isa da la'asar, a jiƙa ya kwana, a dafa awa huɗu, sai azahar ɗin Alhamis za ta ci. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Ni na ƙara mata biyu, don kada a ce na roƙi kwano ɗaya. Daga nan har Jos ban sake tambayar direba komai ba.

Ƙarfe huɗu saura na yi sallama a gida, ƙanshin manja da daddawa ya tare ni tun daga zaure. Hajara tana zaune a tabarma tana suɗe kwano. Maman Ngozi tana bakin murhunmu. Na sunkuyar da kai kamar kullum.

Ta ce, "Oga tela, yau sai ka ɗaga kai. Sunday ya ce ka tafi Lafiya, na ce kai da shi wane ne ya fi? Biyo ni."

Ta kai ni bayan gidana, inda Hajara ba ta zuwa saboda kulle. Akwai shingen wasu 'yan itatuwa da na tarar tun da na kama hayar gidan, waɗanda nake sara wa akuya ganyensu. Ta ɓare kwanso ɗaya, ga ƙwayoyi koraye a jere.

"Wancan wata na ce maka zan cire waken da ke bayan gidanka, ka ce to, to, kana kallon takalminka. Ɗanye ba ya son jiƙo. Ka soya albasa da tattasai, ka zuba shi da ruwa kaɗan, rabin awa ya nuna."

Daga ƙofar ɗakina zuwa shingen taku goma sha bakwai ne. Na ƙirga, sau biyu.

Hajara ta ci kwano na biyu a gabana, ya kuma zauna. Ta dubi buhun ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Me ka kawo mana?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma sauke Hajara lafiya bayan wata shida. Na gode wa Gwaggo mai hatsi da telan da ya ba ni tabarma. Maman Ngozi kuwa na je har ƙofarta na yi mata godiya, ina kallon fuskarta. Yarinyar da aka haifa sunanta Maryam, amma duk Dilimi Ta-Lafiya suke kiranta, kuma Oga Sunday ne ya fara.