Jakin Kakana

Har yau in na shaƙi warin maganin aidin, sai in gan ni a gidanmu na Tudun Wada, Kaka durƙushe yana wanke gyambon bayan jakinsa da ruwan ɗumi da gishiri. Tsohon jaki ne, ba ya ɗaukar ko dami guda, sai ci da kuka. Kuka kuwa ba a magana! In ya ɓarke da shi da hantsi, har kaji sai sun watse.

Ni jika ce, bakina ba linzami. Nakan ce masa, "Angona, kai da aka ce ka je yaƙin Bama na zamanin Turawa, a jinyar jaki ka ƙare?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da shafa magani.

Maƙwabta suka yi ta ƙorafi, har Baba ya gaji ya ce zai sayar wa masu lodin jakuna zuwa kudu. Kowa ya san abin da ake yi da su a can. Ranar ce kaɗai na ji Kaka ya yi zancen yaƙi. Ashe bai taɓa harba bindiga ba. Alfadarai masu ɗaukar kayan soja yake kula da su, ƙarƙashin wani bature likitan dabbobi. Kafin a shiga daji sai a shaƙa wa alfadari maganin barci a yanke wani abu a maƙogwaronsa, don kada kukansa ya tona wa sojoji asiri. Kaka ne mai riƙe kan.

Ya ce wa Baba, "Sai ka ga dabba ta miƙa wuya, ta wage baki tana kiran 'yar'uwarta, iska kawai ke fita. Ku bar mini wannan ya yi kukansa."

Baba ya sunkuyar da kai, aka bar maganar. Amma da damina ta yi tsakiya ciwo ya kwantar da Kaka a asibiti, ga ba mai yankan ciyawa, ga maƙwabta. Wata safiya aka zo da igiya. Na yi kuka kamar raina zai fita, ba wanda ya kula ni.

Da aka sallamo Kaka daga asibiti, ya daɗe tsaye a bakin turken. Bai yi faɗa ba, wallahi da ma faɗan ya yi. Ya juyo ya tambayi Baba, "Da za a tafi da shi, ya yi kuka?"

Baba ya ce, "Ya yi, har bakin titi."

"To, alhamdu lillahi. Da muryarsa ya tafi."

Kaka bai ga kakar wannan shekarar ba. Yanzu unguwar tamu daga ƙarar janareto sai ta keke mai ƙafa uku da injin niƙa, wuni guda, ban taɓa jin wani ya kai ƙara ba. Baba ma ya tsufa, kuma ko a talabijin aka nuno jaki, tashi yake ya bar ɗakin.