Ƙofofin da Aka Rufe wa Souwaiba

Yayata Souwaiba ba ta iya zama ba. Tun muna yara a unguwar Amarewat, cikin Agadez, in an zuba tuwo a tsaye take ci, hannu a kwano, ido a bakin ƙofa. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji ta zuba mata ido. Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kowa ya san ba za ta iya sana'ar da ake yi a kan tabarma ba. Sai ta zama dillaliya. Ta ɗaure zannuwa da mayafai da turare, ta ɗora a ka, ta shiga gari. Ni Binta, ƙanwarta, da aurena ya mutu na dawo gidanta, na zama mai dafa abincin da ke hucewa kafin ta dawo.

Dillaliya da ƙofofin mutane take ci. In maigida ya bar ta ta wuce zaure, ta samu na cefane, in kuma ya ɗaure mata fuska, ta kama gabanta. Yaya kuwa daga tsohon gari har Toudou da Dagamanet babu inda ba a amsa mata sallama. Maza suna ɗaukar ta uwar surutu mai tsawwala farashi, kuma ba su yi ƙarya ba. Mata kuwa, in an baje kaya a tsakar gida an kori yara, sukan faɗa mata abin da ba su iya faɗa wa uwar da ta haife su ba. Ta ji na wadda ɗan'uwan miji ya tare a ɗaki. Ta ji na wadda mai kabu-kabu ya kauce hanya da ita. Takan dawo gida da baƙin ciki, ta yi ta zagaye tsakar gida tana tsaki, ta rasa inda za ta kai maganar.

Wata shekara wata ƙungiyar mata masana shari'a ta kira taro a gari. Yaya ta je, kuma kada wani ya ce maku don neman ilimi ne, ta ji an ce mata za su cika wurin sai ta tafi da ƙunshinta. Ta dawo ko kallabi ɗaya ba ta sayar ba. Ta tsaya a kaina ina jajjage tana zuba: ashe macen da aka yi wa fyaɗe, in aka kai ta likita kafin kwana uku, akwai maganin da ke tare cuta da ciki. Ashe ba a wanke tufafin da abin ya faru da su. Likita na ba da takardar shaida, mace na iya kai ƙara, kuma bayan hukuncin da za a yi wa mutumin tana da ikon tsayawa gaban alƙali ta nemi diyyar cutar da aka yi mata. Wadda ba ta da hali ana iya ba ta avoka, wato lauya, ya tsaya mata. Har da wata da aikinta kawai ta zauna ta saurare ki.

"Duk wanga akwai shi, Binta," in ji ta, "mu muna ta kuka cikin ɗaka muna cewa a yi haƙuri?"

Na ce ta zauna ta ci abinci. Ba ta zauna ba.

Daga nan ta samo dabararta. A lungunanmu mace ba ta wuce ƙofa uku ba a tambaye ta ina zuwa ba. Sai Yaya ta shiga gida, ta yi ta kukan wuyanta ya ƙage, ta roƙi a ba ta aron wance ta taya ta ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Ta raba ƙunshin biyu, ta ɗora wa matar rabi, su fito kowa na gani. A hanya su karkata zuwa likita, daga can zuwa buro, wato ofishin ƙungiyar, wurin Madam Nafi, wadda ke karɓar irin waɗannan mata. Ƙa'idar Yaya ɗaya ce: tana kai mace bakin ƙofa ta juya. Sunanta bai taɓa shiga wata ƙara ba. Madam Nafi da kanta take ja mata kunne.

"Ke ce ƙafarmu cikin gidaje, Souwaiba. Ranar da aka gane ki, an rufe mana su duka."

Shekaru aka yi a haka, sai maganar Kadidia ta taso.

Kadidia 'yar Timia ce, bazawara, tana aikin girki a gidan Hajiya Zuwaira a Dagamanet. Hajiya Zuwaira ita ce babbar mai sayen kayan Yaya, kuma ita ta shigar da ita rabin gidajen unguwar. Tana da ɗa, Shamsu, mai ramin zinariya a Tchibarakaten, wanda in ya shigo gari sai kowa ya sani. Wata hantsi Yaya ta je gidan, ba ta san Hajiya ta tafi suna ba. A zaure ta yi kiciɓis da Shamsu yana fitowa da sauri, wuyan rigarsa a yage, ga yaƙushi a kumatunsa.

"Babu kowa ciki, Inna, koma," ya ce, ya wuce ko gaisuwa babu.

Da wata ce da ta koma. Yaya ƙishirwa take ji, kuma ba a taɓa ce mata koma ta koma ba. Ta shiga. Ta tarar da Kadidia durƙushe gaban famfo, leɓenta a fashe, tana ƙoƙarin tura zanenta cikin roba mai ruwa. Yaya ta jefar da ƙunshi ta riƙe mata hannu.

"Kada ki jiƙa shi, ɗiyata. Ba ni nan."

"Bari in wanke, Inna. Kada Hajiya ta gani."

"Tashi ki taya ni kaya. Za mu kasuwa."

Ta ciro sabon zane daga cikin na sayarwa ta ɗaura mata, ta naɗe wancan ta tura tsakiyar ƙunshi, suka fita. Likita ya duba ta, ya ba da magani da takarda. Madam Nafi ta sama mata ɗaki a wurinsu. Bayan Kadidia ta ɗan dawo hayyacinta aka shimfiɗa mata hanyoyin da ke gabanta, aka ce ta zaɓa, ta ce ƙara za ta kai. Aka kama Shamsu.

Sai gari ya ɗauka. Hajiya ta ce 'yar aiki ce ta yi mata sata take neman mafaka. Da hakan bai ci ba, ta tura dattawa su nemi sulhu, a sallami Kadidia da alheri ta koma Timia a rufe magana. Kadidia ta ce ba ta so. Shi kuma Shamsu ya rantse ranar ba ya gari, yana hanyar Tchibarakaten, har da abokai biyu da suka yarda su faɗi haka. Avokan da aka ba Kadidia, Maître Ilyas, ya gaya wa Madam Nafi gaskiya: takardar likita ta nuna an yi mata ƙarfi, amma ana bukatar wanda ya ga mutumin a gidan a wannan hantsi. Mutum ɗaya ne ya gan shi. Kadidia kuwa duk tambayar da aka yi mata, cewa take wata baiwar Allah ce ta kai ta likita, ta ƙi kama sunan Yaya.

Ban taɓa ganin Yaya cikin irin wannan hali ba. Ta kwance ƙunshi ta ɗaure, ta sake kwancewa. Ta fita ta kai bakin lungu ta dawo ta ce ta manta abu, ta rasa abin da ta manta. Ni kuwa na faɗa mata ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Na ce Hajiya Zuwaira in ta juya maki baya, unguwa ta juya. Mi za mu ci? Ke kaɗai ce mai tausayi a Agadez?

"Ke kullum cikinki," in ji ta. "Ba ta abinci nake ba."

Sai ta gaya mani abin da ke cin ta. Akwai wata matar aure a Toudou, ƙarama, da ta sayi kallabi a hannunta. Duk zuwan Yaya sai ta fito da shi ta ce launin bai yi mata ba, a canza. Ta canza ja, ta canza kore, ta koma ja. Yaya ta gane ba kallabi ne damuwarta ba, so take a dawo. In sun keɓe sai ta buɗe baki, idonta ya kawo ruwa, ta ji motsi ta yi shiru. A zuwan ƙarshe ta kai ga cewa, "Inna, in mutum na gida ne, shi ma ana iya..." sai uwar mijinta ta shigo.

"Saura kaɗan ta hwaɗa, Binta. In na tsaya gaban alƙali, wanga gida ba ni ƙara shiga shi. In ban tsaya ba, a saki Shamsu, a ce Kadidia maƙaryaciya ce ɓarauniya. To ke mai wayo, wacce zan bari?"

Sai na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Madam Nafi ba ta matsa mata ba. Ta ce za a nemi a yi zaman a rufe, ban da 'yan kallo, amma ta san dangin Shamsu za su ji sunan mai shaida ko ta yaya. Yaya ta je ta ga Kadidia da fatan ko za ta roƙe ta, ta samu wanda za ta ɗora wa nauyin. Kadidia ta rame, ba ta barci, ko ƙarar ƙofa ta ji sai ta zabura. Amma cewa ta yi, "Kada ki zo, Inna. Kin yi mani abin da uwata za ta yi. Ko sun ce ƙarya nake, ni na san abin da na sani."

Yaya ta dawo gida a fusace, ta ture butar da ke hanya. "Da ta roƙe ni da na samu bakin cewa a'a," in ji ta. "Ji abin da ta yi mani!"

Ranar zaman ta yi wanka ta sa shaddarta ta fita hannu rabbana. Na bi ta, don ban yarda ƙafafunta za su kai ta ba. A harabar gidan shari'a Hajiya Zuwaira na zaune cikin 'yan'uwanta. Da ta hango Yaya ta yi murmushi, ta ɗauka jaje ta zo yi mata. Sai ta ga ta nufi inda Maître Ilyas yake tsaye. Na ga fuskar matar nan ta canza, kuma wallahi na ji tausayinta, uwa ce.

"Souwaiba, ruwan gidana kika sha shekara da shekaru."

"Na sha, Hajiya. Ranar ma ruwa na shigo nema."

Yaya ta shiga ta faɗi abin da ta gani, yagaggiyar riga da yaƙushi da maganar da ya yi mata a zaure. Abokan Shamsu da aka matsa masu da tambaya bakinsu ya rabu biyu. Alƙalai suka ɗaure shi, suka kuma yanke wa Kadidia diyya. Diyyar ba ta zo da sauri ba, sai da avoka ya yi ta bin sawu, amma ta isa Kadidia ta kafa 'yar rumfar abinci kusa da tasha. Har yanzu tana zuwa wurin mai saurarenta. Ta fara dariya, ko da yake ba ta yarda namiji ya tsaya a bayanta.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama gari, an ce dillaliyar nan ita ke kwasar matan mutane tana kai su jastis, gidan shari'a. Dagamanet aka fara. Ta yi sallama a ce matan gida na barci. Ta yi sallama maigida ya fito da kansa ya ce ba su bukatar komai. Wani ma cewa ya yi in ya ƙara ganin ta a lungunsu za ta gane kurenta. A gidan nan na Toudou uwar mijin ce ta leƙo, ta dube ta sama da ƙasa, ta tura ƙyaure.

Na zaci yanzu dai za ta zauna. Na ce mu kafa tebur a ƙofar gida, mai so ya zo. Ta yi mani wani kallo, ta ɗauki ƙunshi.

Wata rana da rana tsaka na dawo daga barka a Toudou, sai na ji muryar da na sani. Dillaliya ba ta talla a titi, wannan aikin yara ne. Amma ga Yaya, mai jikoki, tsaye a tsakiyar lungu da kaya a ka tana ɗaga murya, samari a bakin butiki suna ta dariya.

"Ga zannuwa, ga mayafai! Souwaiba ce ta Amarewat! Ina gida bayan la'asar, ƙofata a buɗe!"

Kunya ta kama ni har na ja mayafi na rufe fuska. Na matsa in janye ta, sai na lura da bangon da take fuskanta: na gidan matar nan mai canza kallabi ne. Ta sake faɗa, a hankali, tana rarrabe kalmomin yadda na ciki zai riƙe sunan unguwar. Sannan ta yi shiru, ta karkata kai wajen bangon tana saurare. Ba a amsa ba. Ta gyara ƙunshinta ta wuce lungu na gaba.

Haka take yi kullum yanzu. Tana idar da sallar la'asar kuwa sai ta ja kujera bakin zaure, matar da ba a taɓa gani a zaune ba, ta zauna tana kallon hanya har a kira magariba.