Ƙoƙon Kaka da Igiyar Mai Guga

Tun ranar Talatar da ta wuce hankalina bai kwanta ba. Duk inda na juya sai in ga Kaka Tabawa a gabana, ita da ƙoƙonta, alhali ta daɗe da rasuwa.

A ƙauyenmu na kusa da Gangara, in an gama kai gero rumbu, ɗari ya sauko, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da an ci tuwon magariba. Mu shida ne jikokinta a gidan. Ta tura gujiya cikin toka, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta ce, "Ƙofa ta buɗe, wa za shi shiga?" Mu ce, "Mu ne, da ƙafar dama."

Ba ta yin tatsuniyoyin da ake yi a sauran gidaje. Gari guda gare ta, Ƙofa Tara, wanda babu shi ko'ina a duniya, amma duk abin da ke cikinsa tsinto shi ta yi. Ganuwar ta Gobirawa ce, yadda ta ji tsofaffi suna faɗi. Akwai Inna, macen da ko sarki ba ya ƙetare maganarta. Akwai raƙuman gishiri daga Abzin, da marina irin ta Katsinawa. Sai dai a nata garin shuni yana magana, maƙera kuma suna aiken wuta kasuwa ta je ta komo. In na ce, "Kaka, da gaske ne?" sai ta ce, "Rabi na tsinta, rabi na ɗinka. Ke zanen jikinki, kin san gonar da audugarsa ta tsira?"

In ta ƙare labari sai ta jawo ƙoƙo rufe da faifai. A ciki akwai wuri, irin kuɗin da, na sarki, dutsen wuya na Inna, ƙwallon dabino na madugu, guntun ƙarfe na maƙeri, baƙin ƙyalle na marini, da guntuwar igiya. Kowa ya rufe ido ya sa hannu, abin da ya ɗauko shi ne sunansa a wasan ranar. Mu yi ta sarauta da fatauci a tsakar gida har wuta ta ja baya. Sannan ta ce, "Ƙofa ta rufe, kowa shi maido kayan mutane." Sai ta ƙidaya su ɗaya-ɗaya kafin ta sallame mu. Ta ce suna ba ya kwana a jikin mutum.

Igiyar ta Mai Guga ce, kuma ba mai son ta.

Mai Guga mace ce da ke jan ruwa a rijiyar garin tun tana ƙarama, har igiyarta ta ci itacen bakin rijiya. Ita ke shayar da raƙuman madugu, ta cika randunan fada. Ba wanda ya taɓa kiran ta da suna, sai dai "ke". Wata shekara ruwa ya yi fushi ya nutse ƙasa. Sarki ya leƙa, Inna ta leƙa, sai murya ta fito daga ciki ta ce, "Ku faɗi sunan wadda ke gaishe ni kullum, in hauro." Aka tambayi ƙofa tara, babu wanda ya sani. Da suka juyo gare ta suna lallashi, sai ta sunkuya ta raɗa wa rijiyar sunanta. Ruwa ya hauro daidai cikin salka guda. Ta ɗauka, ta nufi kudu, ta sare daji ta yi gona.

"Garin fa, Kaka?"

Nan kam ba ta da magana guda. Wata rana ta ce sun biyo ta sun roƙi gafara. Wata rana ta ce rairayi ya cinye su. Wata rana sai ta yi ta tona toka kawai.

Akwai ranar da Dije, ɗiyar baffana, ta ɗauko dutsen Inna, ni kuma igiya ta faɗo mini. Muna cikin wasa aka zo aka ce wata maƙwabciya tana naƙuda, Kaka ta tashi da sauri, ba a ƙidaya kaya ba. Dije ta kwana da dutsenta. Da safe ta ce, "Ke, Mai Guga, kawo mini ruwan wanke ido." Na kawo, don igiyar tana ƙulle a bakin zanena, na ɗauka wasa bai ƙare ba. Ta sa na share mata ɗaki, na ɗauki tulunta. Da hantsi Kaka ta komo ta tarar da ni durƙushe ina riƙe wa Dije takalmi.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tashi." Ta kwance igiyar da hannunta. Ta ce da Dije, "Uwar masu gida, Inna ta Gobir ma in ta mutu likkafani guda a ka sa mata. Maido mini dutsena." Sati guda ba ta hura wuta ba.

Sai a zaman makokin Kaka gwaggona ta gaya mini. Mai Guga kakar Kaka ce. A arewa ta tashi tana jan ruwa ga masu raƙuma da suka mallake ta, har ta samu ta gangaro kudu. Gonar da muke ci ita ta sare ta. Na ce, "Mi ne sunanta?" Gwaggo ta ce, "Ai shi ya sa ta ke raɗa wa rijiya. Kakarku ita ma ba ta san shi ba."

Yanzu ina aure a Gazawa, ina da ɗiya, Rakiya, tana aji uku a lakol, wato makarantar boko. Malaminsu, Mushe suke ce masa, mutumin kirki ne, ya ƙaga musu wasan kwaikwayo na bikin rufe lakol: wata masarauta da ba a taɓa yi ba, ya haɗa ta da labarin Gobir da Katsina da Abzin, har da aljanin dutse. Da Rakiya ta fara ba ni labari na yi murna, na ce ashe Kaka tana da magaji. Amma shi ba ƙoƙo gare shi ba. Ya bar yara suka raba sunaye da bakinsu. Ranar Talata Rakiya ta dawo da igiya a hannu ta ce ita ce baiwar gimbiya, wai yara sun ce ai mu Buzaye ne, mu muka dace.

Kwana biyu bayan haka na ji da kunnena, a bakin famfo, wata yarinya tana ce mata, "Baiwa, ɗaukar mini bokiti." Ta ɗauka. Tana dariya ma.

Ni aji uku na tsaya, bakina yakan mutu a gaban masu karatu. Duk da haka na wanke ƙoƙo na tafi, na tsaya a ƙofar ajin har aka tashi. Na gaya wa Mushe yadda Kaka take yi. Ya saurara, ya sunkuyar da kai. Ya ce bai lura ba, amma yara sun riga sun haddace, biki ya matso, ba a sake rabo. Abin da ya yarda da shi guda ne: kullum in an gama gwaji, kowa ya sa kayansa a ƙoƙon, a ƙidaya.

Da ina tsammanin Kaka don kada kayanta su ɓace take ƙidayar nan. Yanzu na gane ta san da abin da take ɗinki. Abin da ka tsinto daga labarin mutane ba ya zama ƙarya don ka sa masa aljani. Mai wuri zai ajiye wurinsa ya manta, amma akwai wanda igiyar ta san hannunsa tun kafin a haife shi. Ban sani ba ko ƙoƙo guda zai iya da bakin famfo.

Jiya da magariba na hura kara a tsakar gida, na ba Rakiya labarin Mai Guga, har da abin da gwaggo ta faɗa. Ta juya gujiya a toka. Sannan ta ce, "Mama, a wasanmu ma ba ni da suna. To in Mushe ya yarda, in ba baiwar sunana?"

Har yanzu ban ba ta amsa ba, bikin kuwa saura kwana shida.