Littafin da Ni Kaɗai Ke Iya Karantawa

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, yadda malaminmu na Zariya ya hore mu tun muna ƙanana.

A shekarun da nake aikin kula da tsofaffi ina zaune a unguwar Woolwich, can ƙasar Turawa, akwai wata tsohuwar Baturiya a flat ɗin da ke ƙasa da nawa. Ta haura saba'in, gashinta fari fat. Ba ta yarda da gwamnati ba, kowace iri ce, ba ta kuma yarda wani ya mallaki wani ba, miji ne ko minista. Tun tana budurwa take buɗe gidajen da aka bari a rufe tana saka matan da suka gudo daga duka, an kuma kulle ta a kan haka ba sau ɗaya ba. Ko Ubangiji ba ta yarda da shi ba, Allah ya kiyashe mu, amma in lokacin salla ya riske ni a ɗakinta, ita ke janye kujera ta ba ni wuri. Iya nake ce mata. Ita kuwa kowace mace 'yar'uwa ce.

Na taɓa kiran ta shugabarmu. Ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Ki sake faɗa, 'yar'uwa, ki sha shayinki ba sukari."

Aikin matan da ke taruwa wurinta ɗaya ne. In za a fitar da wata daga gida, sai a kira juna a cika ƙofar a zauna, masu fitarwa su rasa hanya su juya. Lambobin matan a kanta take riƙe su, domin 'yan sanda sun taɓa ƙwace littafinta suka bi gidajen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. To amma kan ya fara zubarwa. Wata rana na iske ta tana maimaita lamba ɗaya tana kasa kaiwa ƙarshe, sai na ce ta kawo in rubuta da ajami, sunaye da lambobin duka. Wa zai karanta a Woolwich? Ta yi dariya har da tari. Ni ma na ji daɗi, na zauna na tsara shi da tawada mai kyau.

A lokacin akwai wata 'yar Jos, Kirista, mai aikin shara a asibiti, da 'ya'yanta mata biyu. Mai gidan da take haya yana son sayarwa, takarda ta zo cewa ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya za a fitar da ita. Aka shaida wa kowa ta zo ƙarfe goma. Da safiyar ranar aka kira ni daga wurin aiki, wai abokiyar aikina ba lafiya, in je Old Kent Road in yi wa wani dattijo wanka. Na lissafa zan dawo da wuri. Na ajiye littafin a teburin Iya na fita, ina ganin na yi dabara.

Takwas da rabi ina cikin bas wayata ta yi ƙara. 'Yar Jos ce.

"Hajiya, sun zo. Suna ƙasa tare da mai canza makulli."

Sai muryar Iya, ashe tana tare da ita: "Littafin na hannuna. Ta ina ake shiga?"

"Ta dama, Iya."

"Na buɗe ta dama. Tsutsotsi nake gani suna iyo."

Na fara kwatanta mata: da'irar nan biyar ce, ɗigon nan sifiri ne. Ta buga, wani mai gyaran mota ya ɗauka. Bas ya tsaya cik a cunkoso. 'Yar Jos ta ɗauki hoton shafukan ta turo cikin gaggawa, rabi bai fito ba. Na sauka na tsaya bakin titi ina karantawa ina bugawa, ni kaɗai, aikin da mutum goma za su raba su gama cikin minti biyar. Wata tana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wata ta kai yara makaranta. Ina salati ina bugawa.

Mata huɗu suka iso, an riga an canza makulli. Da na zo, kayan 'yar Jos na jere a bakin hanya, babbar 'yar tana zaune a kan tukunya tana duba waya.

Iya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙo mini littafin ta ce, "Shekara hamsin ina hana a yi sarauniya, sai ga shi na naɗa ɗaya da hannuna, don rubutunta ya burge ni."

Muka kwashe kayan zuwa flat ɗin Iya. Wata biyu suka yi a falonta, kafin ƙaramar hukuma ta ba su ɗaki a wani gari can arewa, nesa da makarantar yaran da asibitin. Aikin sharar ya tafi.

Na kira 'yar Jos na roƙi gafara. Ta ce, "Haba Hajiya, ya wuce," ta tambayi lafiyar Iya. Na sake kira bayan sallar layya, lambar ba ta shiga. Har yanzu nakan gwada, yawanci a bas, in cunkoso ya tsayar da mu.