Baba ya san jirgin Yaya ya sauka

Jama'a, ku ji abin da na gani yau!

Kun san Babanmu na kwance a gida Ƙofar Kibo a Zariya, ya daina magana. Da safe yayana Sani ya hau jirgi daga Yola zuwa Kaduna. Ya ce, "Tafiyar kamar awa ɗaya ce, ku ce masa ina hanya." Ba mu faɗa masa ba, don ko motsi ba ya yi.

Muna zaune kawai Baba ya buɗe ido! Ya ce, "Sani ya sauka."

Inna ta ce, "Malam, wa ya gaya maka?"

Wallahi ba ta rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Yaya ne! "Yanzu muka sauka, zan nemi mota."

Na sa wa Baba wayar a kunne. Ya yi murmushi, ya yi kalmar shahada. Shi ke nan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hanyar Kaduna zuwa Zariya ta fi tafiyar jirgin daɗewa. Yaya ya shigo da gudu yana "Ina Baba?", ya tarar ana ɗora ruwan wanka.

Jana'iza bayan la'asar. Ku sa shi a addu'a.